Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Darussa Tara da Kiredit Biyar

A makon jiya na tsaya a inda muka kammala aji uku na ƙaramar sakandare, sakamako ya fito, kuma Baba ya amince in ci gaba da karatu bayan Gwaggo ta yi ta kai gwauro tana kai mari tsakanin gidanta da namu. A wannan makon zan ba da labarin shekaru ukun da suka biyo baya, daga 2011 zuwa 2014, kuma zan tsaya a kan batun darussan da aka ɗora mu a kansu, domin a nan ne burina ya kusa yankewa ba tare da ni ko iyayena mun sani ba.

A makon farko na aji huɗu mataimakiyar shugabar makaranta ta tara mu a gindin darbejiya, riƙe da takardar sakamakonmu, ta fara kiran sunaye. Wadda makinta na Lissafi da Kimiyya ya yi sama sai a ce ta tsaya a dama, ta zama 'yar ajin kimiyya, wadda ta biyo baya a tura ta ajin kasuwanci, sauran kuwa a ce su tafi ajin fasaha, wanda kowa ke kira ajin "at". Kafin a kaɗa ƙararrawar tara an gama rabon. Ba a tambayi ko ɗaya daga cikinmu abin da take son zama ba, ba a kuma aika wa iyaye takarda ba. Har yau ina jin zafin yadda aka mayar da ajin fasaha matattarar waɗanda ake gani ba su da ƙoƙari, alhali daga nan ne lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida suke fitowa. Yarinyar da ta fi kowa iya Turanci a cikinmu, wadda tun muna ƙanana take cewa lauya za ta zama, an tsayar da ita a dama saboda makinta, ta kuma yi murna, domin ba ta san cewa jami'a ba ta ɗaukar ɗalibin shari'a sai da kiredit a Adabin Turanci ba.

Ni ma dama aka tsayar da ni, kuma hakan ya dace da abin da ke raina. Tun daren da Inna ta sha wahalar haihuwar autanmu, aka rasa ma'aikaciya mace a asibitin garinmu har sai da aka ɗauki mota zuwa birni, na ƙudurta cewa aikin jinya da unguwarzoma zan yi. A tunanina na lokacin, shiga ajin kimiyya shi ne duk abin da ake bukata. Na san akwai makarantun kimiyya na musamman a jiharmu ta Kano, irin su na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe wa maza tun 1977, da kuma na mata, amma waɗanda na sani na kwana ne, Baba kuwa ya riga ya yanke cewa jeka-ka-dawo zan yi.

Mu ne rukunin farko da sabuwar manhajar babbar sakandare ta fara aiki a kansu a 2011. Manhajar ta wajabta wa kowane ɗalibi Turanci da Lissafi da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, da kuma sana'a guda daga cikin sana'o'i 34 da aka jera, tun daga ɗinki da girki har zuwa gyaran wayar salula. A takarda zaɓin yana da faɗi, amma a makarantarmu Kiwon Dabbobi aka ɗora wa kowa, saboda malamin Aikin Gona ne kaɗai zai iya ɗaukar darasin. Aka ƙara mana Bayoloji da Kemistiri da Aikin Gona da Hausa da Addinin Musulunci, suka cika tara. Fiziks babu shi a jadawalinmu, domin an yi wa malaminsa canjin wurin aiki ba a kawo wani ba. Muka yi shekara guda cur muna amsa sunan 'yan kimiyya, hankalinmu kwance.

Muna aji biyar aka turo mana wani mai bautar ƙasa daga kudu, wanda ya karanta injiniyanci, aka ba shi Lissafi. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa, mu kuma Turancinmu yana ɗingishi, amma mutum ne mai son tambaya. Wata rana ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ke son karantawa. Wannan ta ce likita, waccan ta ce haɗa magunguna, ni na ce jinya. Sai ya tambayi wanda ke koya mana Fiziks. Muka ce ai ba ma yi. Ya ajiye allin hannunsa, ya yi shiru yana dubanmu, sannan ya ce, "To, wa ya gaya muku za a ɗauke ku?"

Washegari ya zo da littafin hukumar JAMB mai bayanin sharuɗɗan kowane kwas, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Ya raba allo biyu. A gefe guda ya rubuta matakan sakamako, daga A1 zuwa B2 da B3, sai C4 da C5 da C6, ya ja layi mai kauri a ƙarƙashinsu, ya ce duk abin da ke sama da layin shi ne kiredit, D7 da E8 kuwa an ci amma ba su kai mutum jami'a, F9 kuma faɗuwa ce. A ɗaya gefen ya rubuta darussa biyar, Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, ya ce makarantar koyon jinya da tsangayar likitanci waɗannan biyar ɗin suke nema da sunayensu, kuma ko mutum ya samu A1 a Hausa da Aikin Gona da Addini, ba za su maye gurbin guda ɗaya daga ciki ba. Ya ƙara da cewa jarrabawar JAMB kanta darussa huɗu ce, Turanci da wasu uku, kuma mai neman fannin lafiya Bayoloji da Kemistiri da Fiziks zai rubuta. A ranar ne na fahimci cewa kammala sakandare daban, samun takardar da za ta buɗe ƙofar da kake so daban. Mun saba jin ana cewa "kiredit biyar har da Turanci da Lissafi", amma ba wanda ya taɓa faɗa mana cewa sauran ukun ma sai sun dace da kwas ɗin da mutum ya nufa.

Ina ganin wannan bayani, wanda bai ci fiye da darasi ɗaya ba, haƙƙinmu ne tun ranar da aka tara mu a gindin darbejiya. Ba ya bukatar ɗakin gwaji ko kuɗi, illa wani ya buɗe littafi ya karanta wa yara 'yan shekara goma sha biyar abin da ke gabansu. Malamanmu ba mugaye ba ne, nauyi ne ya yi musu yawa, amma rashin mai ba da shawara a makaranta yana cin yaran talakawa fiye da kowa, domin ɗan wanda ya yi jami'a a gida ake gaya masa.

Malamin ya sami shugabar makaranta, ta yarda ya riƙa koya mana Fiziks bayan an tashi, ga wadda iyayenta suka amince. Sai wata matsalar ta taso. Hukumar jarrabawa ba ta yi wa ɗalibi rajistar darussa fiye da tara, mu kuwa namu sun riga sun cika, saboda haka duk wadda za ta ɗauki Fiziks sai ta ajiye guda. Huɗun da aka wajabta ba a taɓa su, Bayoloji da Kemistiri su ake nema, ya rage Aikin Gona da Hausa da Addini. Na kai maganar gaban Baba bayan sallar isha'i, na durƙusa a bakin tabarmarsa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Addini dai ba za ki ajiye ba. Hausa kuma harshen iyayenki ne. Noma kuwa, idan kina so, ga gona nan sai in koya miki." Na ce, "To, Baba, na gode, Allah ya ƙara girma." Aikin Gona shi ne darasin da na fi samun maki a cikinsa, kuma wasu malamai sun ce na yar da tabbas na kama shakka, amma kiredit ɗin da ba zai kai ni asibiti ba ban ga amfanin tara shi ba.

Muka fara daga karatun aji huɗu da ya wuce mu, muna haɗa na shekara biyu a cikin ɗaya. Har da gwaje-gwajen da aka tsallake sai da ya shirya mana, domin makin da makaranta ke tarawa yana shiga cikin sakamakon ƙarshe. Ɗakin gwajinmu babu komai a ciki sai kwalabe da kura, don haka shi yake ƙirƙirar kayan aiki. Ban manta ranar da ya karɓi zaren ɗinki a hannun wata ɗaliba ba, ya auna mita ɗaya, ya ɗaura ƙaramin kwaɗon ƙofa a ƙarshensa, ya rataye a ƙusar da ke saman ƙofar aji. Ya ja kwaɗon gefe kaɗan ya saki, ya ce mu ƙirga zuwa da dawowa ashirin, shi kuma yana duba agogon wayarsa. Aka sami kusan daƙiƙa arba'in, wato biyu ga kowane lilo. Ya sauya kwaɗon da wanda ya fi shi nauyi, lokacin bai canza ba, ya rage tsawon zaren, lilon ya ƙara sauri. Daga waɗannan alƙaluma muka lissafo ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi, ya fito kusa da goma, daidai da abin da ke cikin littafi. Tun daga ranar tsoron darasin ya fita daga raina.

A ƙarshen aji biyar muka rubuta kwalifayin, jarrabawar da gwamnatin jiha ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe, na kuwa haye. Amma bautar ƙasa shekara ɗaya ce, wa'adin malamin ya cika, ya tafi ya bar mana littattafansa. Kafin ya tafi ya roƙi malamin Fiziks na makarantar maza ya riƙa karɓarmu ranar Asabar. A nan ne yawancin 'yan ajinmu suka tsaya, domin iyaye da dama ba su yarda 'ya'yansu mata su shiga makarantar maza ba, wasu kuma an riga an sa musu rana. Baba ma da farko ya ƙi. Gwaggo ce ta zo ta ce masa, "Malam, ni zan riƙa raka ta, in zauna a bakin aji har a tashi." Haka kuwa ta yi, tana zaune a baranda da carbinta, mu muna ciki muna haɗa wayoyi da batir.

Gwamnati ta ɗauki nauyin jarrabawa ɗaya, amma kowa ya ba mu shawarar in rubuta WAEC da NECO duka, saboda makarantun jinya suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Inna ta sayar da tunkiyarta aka biya ɗayar. Ranar rajista sai da na sa malamin da ke shigar da sunaye ya juyo mini da fuskar kwamfutar, na karanta darussana tara da idona, na tabbatar Fiziks yana ciki kuma an cire Aikin Gona, domin da zarar an tura ba a cika samun gyara cikin sauƙi ba.

Muna tsakiyar WAEC a watan Afrilu na 2014 labarin sace 'yan matan Chibok ya iso mana. Sa'o'inmu ne, kuma jarrabawar da muke rubutawa ita ta tara su a makaranta. Tsoro ya shiga gidaje, Inna ta riƙa tsayawa a soro har sai ta ga dawowata, amma babu wadda ta fasa a cikinmu. Fiziks takardu uku ne, na zaɓi da na rubutu da na gwaji, kuma na gwajin ne ya fi ba ni wuya, domin wasu kayan da aka jera a kan tebur ban saba riƙe su ba, hannuna yana rawa lokaci yana tafiya. Da aka zo NECO a watannin Yuni da Yuli na riga na san inda na yi rauni, na kuma maimaita shi a makarantar maza har ya zauna.

Sakamakon WAEC ya fito a watan Agusta, kuma shekarar ta yi muni, domin kusan kashi 31 cikin ɗari ne kawai na ɗaliban Najeriya suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Yayana ya sayi katin dubawa ya tafi shagon intanet a birni, ya dawo da takarda a ninke cikin aljihu. Turanci C6, Lissafi C5, Bayoloji B3, Kemistiri C5, Hausa da Addini duk sun yi kyau, Fiziks kuwa D7. Maƙwabta suka shigo yi wa Inna barka da kiredit ɗin da na samu, ni kuma na san ƙofar da nake nema ba ta buɗe ba tukuna. Sai a watan Satumba na NECO ya fito, a can Turanci ya sauka zuwa D7, amma Fiziks ya hau C5. Da aka ajiye takardun biyu gefe da gefe, darussa biyar ɗin nan da mai bautar ƙasa ya rubuta a allo sun cika. A cikin dukan 'yan ajinmu na kimiyya, kaɗan ne ƙwarai muka fita da su, sauran suna da sakamako mai kyau wanda ba ya shiga fannin lafiya.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda na sayi fom ɗin makarantar koyon jinya, da maganar auren da ta taso a gidanmu a daidai lokacin da ake jiran kiran ganawa.