Sauya wa Mazda shakazoba da sifirin a tsakar gida

Yau Asabar, da hantsi na ɗora Mazda MX-5 ɗina, ƙirar 1994, a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, domin ba na yarda in shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Ta daɗe tana lilo bayan kowane rami, kuma da na cire tayoyin baya sai na ga dalili: mai ya tsiyaye daga shakazoban hagu har ƙura ta daskare a jikinsa, robar da ke tare shi idan ya nutse kuwa tana marmashewa a hannu.

Wannan mota, wadda aka fara fitarwa a 1989 daga masana'antar Mazda da ke Hiroshima, nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, kuma kowace taya tana riƙe ne da hannuwan ƙarfe biyu, sama da ƙasa, sifirin ɗin yana nannaɗe a jikin shakazoba. Saboda haka tare ake ciro su. Na baya bai ba ni wahala ba, sai dai notikan samansa suna cikin but, na hagun a matse kusa da bututun zuba fetur. Na gaba ne ya ci lokaci, sai da na kwance sandar da ke hana mota karkata a kwana, ƙanena ya danna hannun ƙasa da ƙafarsa, sannan shakazoban ya fito.

Wurin matse sifirin na fi nutsuwa. Ƙarfe ne da ya tara ƙarfin da zai iya karya yatsu ko haƙarƙari, don haka na ɗaura abin matsewar gefe biyu, ina juya wannan kaɗan, wancan kaɗan, ban taɓa notin tsakiya ba sai da sifirin ya saki mazauninsa. Ƙanena ya ce, “Yaya, a gareji ai da ƙafa suke takewa.” Na ce masa ya koma gefe, kada ya tsaya saitin bakin sifirin ɗin.

Bayan na saka sababbin, abin da na fi damuwa da shi shi ne ɗaurin ƙarshe, wanda masu gaggawa ke yi tun mota tana rataye. Robobin da ke cikin hannuwan ba juyawa suke yi ba, murɗewa suke yi, kuma idan aka ɗaure su taya tana reto, za su zauna a murɗe da zarar mota ta sauka, su tsage kafin lokacinsu. Na bar notikan sakwa-sakwa, na sa jak a ƙarƙashin kowane hannu har nauyin motar ya hau kansa, sannan na ɗaure su tamau.

Bayan la'asar na zagaya unguwa a hankali, na ji tana sauka rami ta tsaya cak ba tare da lilo ba. Sitiyarin ya ɗan ja dama, saboda haka ba zan hau babban titi ba sai an yi mata saitin taya ranar Litinin.