Motar da ba a jingina da ita

Shekara biyu na yi ina karatun injiniyancin motoci a Coventry, a Ingila, kuma kamar yawancin ɗalibanmu sai da na nemi ɗan aikin ƙarshen mako saboda kuɗin haya. Allah Ya haɗa ni da wani dattijo mai ƙaramin gareji a bayan gari, sana'arsa farfaɗo da tsofaffin motoci. Ni ne mai shara, ni ne mai miƙa sifana, idan kuma lokacin zafi ya shigo aka fara baje kolin tsofaffin motoci a filayen ƙauyuka, ni ne mai gadin tasa motar.

Austin-Healey 3000 ce, ƙirar 1962, sama shuɗi ƙasa fari, ga tayoyi masu wayoyi kamar na keke. Daga 1959 zuwa 1967 aka ƙera irinta, ana haɗa su a garin Abingdon na Ingila, mafi yawansu kuma Amurka aka kai su, shi ya sa wadda ta zauna gida ke da daraja a idon masu abin. Injinta silinda shida ne, tana da ƙara mai daɗi, ga ta a ƙasa ƙwarai har salansa kan gogi hanya idan aka hau tudu. Dattijon ba ya gajiya da ba da labarin yadda Pat Moss ta ci tseren Liège-Rome-Liège a 1960 da irin wannan motar, mace a cikin maza. Na ji labarin nan ya fi sau ashirin.

Abin da ya fara koya mini, tun kafin ya bar ni na taɓa ta, shi ne inda ƙarfe yake da inda alminiyam yake. Ƙofofi da fuka-fukan gefe, wato sassan da suka rufe saman tayoyi, ƙarfe ne. Amma fatar da ta zagaye bonet a gaba, da wadda ta zagaye but a baya, alminiyam ce, mai laushi. Da ido ba za ka bambance ba, fenti ɗaya ya rufe su. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce, "Yaro, nan ko gwiwar hannu ka kafa sai ta bar shaida."

Ni kuwa ɗan Kaduna ne. A kan bonet ɗin Fijo 504 na girma, irin waɗanda aka fara haɗawa a garinmu tun 1975. A wurinmu mota idan ta tsaya benci ce: a jingina, a zauna, a ɗora ledar gyaɗa, a yi hira har la'asar. Ba wanda zai ce ka yi laifi, ita ma motar ba ta san kana yi ba. Saboda haka da na ga ana kewaye mota da igiya, ana rataya allon roƙon jama'a su kalla da ido kawai, a raina na ce wannan iyayin Turawa ne.

Ranar da na daina cewa haka, shayi na je saya. Ban fi minti goma ba. Ina dawowa na tarar da wani magidanci, ba yaro ba, ya tsallake igiya ya ɗosana mazaunansa a bayan motar, ya harɗe hannuwa, matarsa na ɗaukarsa hoto. Da na yi magana sai ya tashi yana murmushi, ya ce mahaifinsa ya taɓa mallakar irinta, ya wuce abinsa. Da ya gusa na sunkuya na duba wurin ta gefe, yadda haske ke kwanciya a kan fenti. Ya lotsa kamar faɗin tafin hannu, ga kuma karce biyu a jere, aikin ƙananan ƙusoshin tagulla da ke bakin aljihun wandon jins. Bai ma san ya yi ba.

Da irin waɗannan abubuwan ake ɓarna a wurin baje koli, kuma da wuya ka ga mugunta a ciki. Kan bel ne idan mutum ya leƙa ya ga sitiyari, ko kyamarar da ke reto a wuya, ko jakar hannu mai sarƙa, ko zobe, ko keken jariri da aka tura tsakanin motoci biyu. Wani ya buɗe ƙofa don ya ji nauyinta, ya mayar da ƙarfi kamar ta tasi. Yara, da na fi tsoro da farko, su ne suka fi jin magana. Manya ne matsala, musamman waɗanda suke ganin sun san mota.

Gyaran ne ya buɗe mini ido. Alminiyam idan ya lotsa miƙewa yake yi, ba ya komawa mazauninsa don ka tura shi daga ciki, kuma yawan bugu na sa shi ya taurare har ya tsage. Sai a hankali, da ƙaramar guduma da dungun ƙarfe a ƙasa, bugu kaɗan a duba, bugu kaɗan a duba. Asabar biyu dattijon ya ɓata a kan tafin hannu ɗaya. Karcen kuwa ya bar shi. Fentin bayan motar na asali ne, na selulos, wanda aka fesa a 1962, ya kwana ya tashi da rana da sanyi har launinsa ya zama nasa shi kaɗai. Inshora za ta biya kuɗin sabon fenti, amma ba shagon da ke sayar da fenti mai shekara hamsin da ɗoriya. Ya ce gara tabo a tsohuwar fata da sabon faci.

Na daɗe ina zagin mutumin nan a raina. Ashe laifi tudu ne. Bayan 'yan makonni, a wani baje kolin da aka yi a busasshen fili, ƙura ta lulluɓe bonet, ni kuma don nuna himma na zaro tsumma daga aljihu na goge tas. Da rana ta karkata sai ga zane-zane sirara sun bayyana, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo, daidai inda hannuna ya bi. Ƙura yashi ce, busasshen tsumma a kanta kuwa ya zama samfefa. Ba a goge ta sai an jiƙa an kore ta da ruwa. Dattijon ya duba, ya dube ni, ya ce, "To, kai ma ka sa hannu a littafin baƙi." Kwana uku ina bin wurin da man goge fenti, yana tsaye a kaina.

Na zaci bayan waɗannan biyun zai daina fita da ita, kamar wasu abokansa da suka kulle nasu a gareji suka lulluɓe. Shi kuwa igiyar ma ya cire. Ya ce igiya kira take yi a tsallake ta, amma mutum a tsaye ba a tsallake shi. Daga nan ɗayanmu ba ya barin gefen motar, ko shayi sai dai a kawo mana. Duk wanda ya matso, kafin hannunsa ya miƙe mun riga mun gaishe shi, mun nuna masa inda alminiyam yake, sai ka ga da kansa ya janye jaka ya koma da ita baya. Yaro idan ya tsaya yana kallo da yawa, dattijon kan tambayi iyayensa, ya buɗe ƙofa da hannunsa, ya sa a karkaɗe takalmi, ya zaunar da shi a kujerar direba. Magidanta kuwa sai sun cire bel tukuna, kuma suna cirewa, suna dariya.

Yanzu na dawo gida. Kwanan baya na je Panteka neman kayan gyara, na tarar da wata tsohuwar 504 a ajiye, fentinta ya ƙoƙe, samari uku na zaune a kan bonet suna shan rake. Na zagaya ta sau biyu ina duba ta. Sai da ɗayansu ya ce, "Yallaɓai, ciwon baya kake yi ne?" sannan na lura hannuwana na goye a baya.