"Malam, amsa biyu ce daidai": yadda nake tantance ƙorafi kan jarrabawar bayoloji

Duk ranar da na raba wa 'yan SS3 takardun jarrabawar gwaji, ƙorafi uku nake ji: "Malam, ba a koya mana wannan ba", "Malam, amsa biyu ce daidai", sai kuma "Abin da wane ya rubuta shi na rubuta, amma ya fi ni maki." Ba na tsayawa musu a bakin aji. Nakan ce mai ƙorafi ya rubuto lambar tambayar da hujjarsa cikin kwana biyu. Mai neman maki a ɓagas tun nan yake sarewa.

Na farkon bai da wuyar warwarewa. Littafin da muke rubuta darasin kowane mako nake ɗaukowa. In aka tarar aji A sun yi darasin gadon halitta, aji C ba su kai ba, sai a soke tambayar ga kowa, a yi lissafi a kan 49 maimakon 50.

Na biyun ne mai aiki, kuma a nan yara suka fi yin gaskiya. A ce ɗalibai 60 suka zauna. Ina jera takardun daga mafi maki zuwa ƙasa, in ware 16 na sama da 16 na ƙasa, wato kusan kashi 27 cikin 100 ta kowane ɓangare. Sai in ƙirga nawa suka ci tambayar da ake rigima a kanta a kowane rukuni, in cire na ƙasa daga na sama, in raba da 16. In 13 suka ci a sama, 5 a ƙasa, an sami 0.5, tambayar lafiyarta lau, wuya kawai ta yi. Ƙasa da 0.2 akwai abin dubawa. In kuwa na ƙasa suka fi na sama ci, to laifin yana wajena: ko amsar da na riƙe kuskure ce, ko tambayar tana da baki biyu.

Ga irin wadda ke kayar da haziƙai. An tambaya wane sashe na shuka ne "potato", aka ba da zaɓin saiwa da kara. Dankalin Turawa kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake da idanu masu tsiro. Dankalin Hausa kuwa saiwa ce. Yaron da ya tashi yana ganin dankalin Hausa a gonarsu zai zaɓi saiwa, kuma bai yi kuskure ba. Haka tambayar gaɓar da ke fitar da dattin jiki, a jera ƙoda da fata da huhu: duka ukun suna yi. Sai an ce wadda ke haɗa fitsari kafin ƙoda ta tsaya ita kaɗai. Irin waɗannan nakan karɓi duk amsoshin da suka dace, in bi takardun ajin gaba ɗaya, har na waɗanda ba su yi magana ba. Kalmar "except", wato "ban da", ma tana cin maki, domin jarrabawar da Turanci ake yi, yaro na sauri ya tsallake ta. Yanzu da manyan baƙaƙe nake sa a buga ta.

A ƙorafi na uku, galibi yaran ne ba su da gaskiya, amma sai an nuna musu ido da ido. Ina ajiye zanen yaran biyu gefe da gefe, a ce na ƙwayar wake da aka tsaga. Ɗaya ya sa take, ya rubuta ninkin girma kamar ×2, ya ja layukan suna da rula ba su gitta juna ba, kowane layi ya taɓa abin da yake nunawa. Ɗayan ya yi wa zanen inuwa da fensir kamar a ajin zane-zane, ya bar take, ya ɓata harafi a sunan sashe. Haka sunan kimiyya: Zea mays na masara, harafin farko babba, kalma ta biyu da ƙananan baƙaƙe, a ja layi ƙarƙashin kowace daban. Na tsananta a kan wannan ne saboda takardar firaktikal ta WAEC maki 80 ce cikin awa 2, ta fi ta rubutu mai maki 70, kuma can babu mai saurarar "ai ka gane abin da nake nufi".

Inda na taɓa yin sakaci shi ne ɓoye tsarin rabon maki. Yanzu a allo nake rubuta shi ranar gyara, layi-layi, kowa ya auna takardarsa. Kafin a buga tambayoyi kuma, ina miƙa wa wani malamin bayoloji ya amsa su ba tare da ya ga amsoshina ba. Duk inda muka saɓa, sai an sake rubuta tambayar. Ina kuma duba agogo: WAEC minti 50 take ba wa tambayoyin zaɓi 50, don haka duk wadda shi kansa malamin ya tsaya yana maimaita karantawa, nakan rage mata tsawo ko in cire ta.