Kwana uku ina zargin kod, ashe batir ne

Motar robot ɗina ta farko in na ɗaga ta sama tayoyin suna juyawa lafiya lau, ina ajiye ta ƙasa sai ta ɗan zabura ta tsaya cak, fitilar Arduino, ɗan allon kwamfutar da ke sarrafa motar, ta ƙifta ya sake tashi daga farko. Kwana uku na yi ina goge kod, wato umarnin da ake rubuta wa Arduino, ina sake rubutawa, har na fara tunanin ko ni ne kaina ba ya ja. Ashe batir ne, wannan mai ƙusurwa huɗu na bolt 9 da na ɗaura wa komai. Bolt ɗin akwai amma ƙarfin tura wuta babu, da moto ya ji nauyi sai ya zuƙe wutar kaf ya bar Arduino da yunwa. Na koma batir mai caji samfurin 18650 guda biyu a jere, kowanne bolt 3.7, jimla 7.4, motar ta miƙe kamar ba ita ba.

Daga nan na sayi mitar auna wuta, kuma yanzu kafin in taɓa kwamfuta sai na auna. Mitar ce ma ta nuna min L298N, allon ba wa moto wuta ɗin nan da kowa ke farawa da shi, yana cinye wajen bolt 2 a hanya, shi ya sa yake zafi, to in ka ba shi 6 abin da ke isa moto bai taka kara ya karya ba. Kuma don Allah kar ka jona moto kai tsaye a ƙafar Arduino, wato ramin da ake soka waya, iyakarta miliyamfa 40, ni da kaina na ƙona ƙafa ɗaya a haka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne giraun, wato GND, ɓangaren negatif na wutar. Na raba batir, na moto daban na Arduino daban, na manta ban haɗa GND ɗinsu ba, sai motar ta riƙa yin abin da ta ga dama kamar mai aljanu. 'Yar waya ɗaya ce fa, ko tsawon yatsa ba ta kai ba.

Rimot kuwa HC-05 na sa, ɗan allon Bluetooth, ina tuƙi da salula, kamar mita 10 yake kaiwa. TX ɗinsa (ƙafar tura saƙo) zuwa RX (ƙafar karɓar saƙo) na Arduino, RX zuwa TX, kuma in a ƙafa 0 da 1 ka jona shi sai ka cire kafin ka tura kod, in ba haka ba ƙin shiga zai yi.

Motar ba za ta tafi sak ba, wannan ka haƙura. Rawayen moton nan masu giya ba biyun da gudunsu yake zuwa ɗaya, tawa hagu take ja, sai na rage wa na dama PWM, lambar da ke saita gudun moto, daga 255 zuwa 235 ta ɗan daidaita. Wayoyi kuma a liƙa da dalma, murɗawa da salatef ba ya jure girgiza.

Rannan ina gwaji Bluetooth ya katse alhali umarnin ƙarshe da ta samu shi ne "gaba", wallahi ina ji ina gani ta faɗo daga kan tebur, taya ɗaya ta ɓalle ta shige ƙarƙashin kujera. A daren na ƙara layi uku a kod, in rabin daƙiƙa ya wuce ba saƙo daga rimot ta kashe moto duka. Gwaji kuma yanzu a kan ɗan kwali nake ɗora ta, tayoyi a iska.