Jimla ɗaya, zango guda

Jiya na karɓi sakamakon digirina na biyu, bayan an ƙara mini zango guda cur saboda jimla ɗaya.

Kundina a kan shugabannin ƙungiyar 'yantar da Aljeriya ne, wato FLN, waɗanda suka ɗauki makami ranar 1 ga Nuwamba 1954 don ƙwato Aljeriya daga hannun Faransa. A babi na uku na rubuta cewa Abane Ramdane, jigon babban taron da ƙungiyar ta yi a Soummam a 1956, ya yi shahada a fagen daga. Haka jaridar ƙungiyar, El Moudjahid, ta sanar a 1958, ni kuma na kwasa ban tauna ba. Ranar difens, wato ranar kare kundin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya cire tabarau ya ce, "Malam, wane fagen daga?" Ashe abokan gwagwarmayarsa ne suka ja shi Maroko suka shaƙe shi a Disamba 1957.

Na waiga wajen sufabaizana. Wata bakwai babin nan ya yi a teburinsa kafin ya sa hannu. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai na sha gaya masa ya rage ɗoki." Wallahi bai taɓa ba. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," tunda wuƙa da nama suna hannunsa.

Amma ɗokin gaskiya ne, nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Son mutanen nan ya rufe mini ido, ina karanta jaridarsu kamar shaidar da ba ta ƙarya. Sai a zangon horon na bi su ɗaya bayan ɗaya. Boumediene ya kifar da Ben Bella, shugaban ƙasa na farko, a 1965. An harbe Khider, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, a Madrid a 1967. Krim Belkacem, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar Evian da ta kawo ƙarshen yaƙin, a otal aka tsinci gawarsa a Frankfurt a 1970. Boudiaf kuwa daga gudun hijira aka kira shi ya riƙe ƙasa a 1992, wata shida ba su cika ba wani mai tsaronsa ya bindige shi a Annaba. Su ne dai suka kawo ƙarshen mulkin Faransa na shekara 132, kuma har yau ina girmama su.

Ga na baya: ku rubuta ranar da kuka miƙa kowane babi, ku ba wani ya karanta ban da mai sa hannu.

Makon jiya sufabaizan ya kira ni, wai sabon babin ya isa bugawa a mujalla, in sa sunansa a gaba. Na ce zan duba.