NEPU da En'e ta Kano

Matasanmu da aka haifa a nan Wad Madani sun san tarihin jam'iyyar Umma da ta 'yan gurguzun Sudan fiye da na NEPU, jam'iyyar da ta yi fafutukar 'yancin talakawa a Arewacin Nijeriya, shi ya sa nake ganin ya dace a rubuta musu shi.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma cikin mutum 8 da suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Masu rubutu sukan karkata ga kujerun majalisar Kaduna da Legas, amma ni a ganina ainihin gwagwarmayarta da En'e ta yi, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, domin a hannun En'e kotun alƙali take, da 'yan doka, da gidan yari, da karɓar haraji da jangali. Talakan Fagge ko na Kurmi bai san gwamna ba, mai unguwa da dagaci da hakimi ya sani, kuma a wurinsu yake shan wuya idan aka gan shi da tauraro, alamar NEPU.

Zaɓen 1951 ya nuna yadda abin yake. 'Yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai aka wayi gari ba su da kujera ko ɗaya. Daga nan sai ɗauri da bulala da hana izinin lacca suka zama ruwan dare, ga kuma 'Yan Mahaukata da ke far wa magoya bayanta. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta dage sai mata sun sami 'yancin jefa ƙuri'a, an ɗaure ta sau da yawa, har an kore ta daga Kano. Wannan zalunci yana sosa mini rai, musamman da yake da sunan shari'a aka aikata shi.

NEPU ba ta taɓa riƙe mulkin birnin ba har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966. Sai dai abubuwan da ta nema sun tabbata bayanta: an ƙwace kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan garambawul na 1976 ya kawo ƙananan hukumomi. Dattawanmu na nan za su tuna cewa shugaban Sudan Numairi ma ya soke mulkin nazirai da umdodi, wato sarakunan gargajiyar ƙasar, a farkon shekarun 1970, amma shi daga sama ya yi nasa, ba tare da talakawa sun yi shekaru suna fafutuka a kai ba.

Haraji da jangali kuwa sai a 1979 aka soke su a Kano da Kaduna, lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau gwamna a ƙarƙashin PRP, jam'iyyar da Malam Aminu ya kafa tare da tsofaffin 'yan NEPU.