Mako Na Shida: Ni Da 'Yar Hular Wasali

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Makon nan kaf a kan alama ɗaya na ƙarar da shi, wato 'yar hular nan da ake kifa wa wasali: â, ê, î, ô, û.

A Faransanci na fara saninta, inda suke ce mata accent circonflexe. Dā karatun aku nake yi mata, sai daga baya na gane cewa a kalmomi da yawa gadon harafin s ta ci, wanda aka daina furtawa tun tuni. Forêt, wato daji, dā forest ake rubutawa; hôpital kuma hospital. Académie française, hukumar kula da harshen Faransanci, ta tabbatar da wannan sauyi a ƙamus ɗinta na 1740. Hular tana kuma raba tagwayen kalmomi: jeune matashi ne, jeûne kuwa azumi. A 1990 aka sassauta, aka ce a iya cire ta daga kan i da u muddin ma'ana ba za ta rikice ba.

Abin da ya tayar da ni tsaye dai ba Faransanci ba ne. Ran Laraba na aro ƙamus ɗin Hausa zuwa Turanci na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977 wajen wani abokina a Samaru, ina buɗewa sai ga 'yar hula zaune daram a kan kalmomin Hausa. Ashe a nan karin sauti take nunawa, wanda malamai ke kira faɗau: murya ta ɗauko daga sama ta sauko ƙasa cikin gaɓa ɗaya. Ku furta kai na "kai ne", sannan kâi da ake ɗora wa tulu. Ku gwada su na "su ne" da sû na masunta, ko mài gida da mâi na miya. Shekara da shekaru ina rarrabe su a baki ban taɓa lura ba.

Na zaɓi kalma 20 na sa musu alama da kaina, na faɗi a 7. Laifina ɗaya: duk inda na ji wasali ya yi tsawo sai in kifa masa hula, alhali tsawo daban, faɗau daban. Abin da ke akwai shi ne faɗau ba ya sauka sai a nannauyar gaɓa, mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe, kamar zân. Amma ba kowace nannauya ce ke da shi ba.

Dabarar da ta cece ni ita ce in rufe baki in yi gunjin kalmar, kamar kalangu na kwaikwayon magana. In murya ta gangaro, hula ta hau. Har na sa Inna ta riƙa maimaita mini "yâra" a tsakar gida, a karo na huɗu ta ce, "Kai ɗan nan, boko ya fara taɓa ka ne?"

Rubuta ta a waya ba wuya: danne wasalin ka riƙe, zaɓi zai fito. A Word kuwa Ctrl da Shift da 6 tare, sannan wasalin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan bi kalmomi irin su rìgâr da gidân, domin na ga hular na yawan leƙowa a gaɓar ƙarshe.